Ranar Dawowar Ɗan Ci-rani a Fina-finan Nijar

Tun kafin a ji sunan Kannywood, fim ya riga ya bi sawun ɗan ci-rani a Nijar, kuma inda ya fi tsayawa shi ne ranar komawa gida.

A 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fara ɗaukar fim ɗin Jaguar, wanda bai fito ba sai 1967. Samari uku ne, Damouré Zika da Lam makiyayi da Illo masunci, suka tashi daga Ayorou suka nufi Gwalkwas, wato Gana ta yau. Sun yi ƙwadago a Akara, sun kasa kaya a kasuwar Kumasi. Da suka dawo, abin da suka yi watanni suna tarawa ya tafi a tsaraba cikin ɗan lokaci. Baƙo zai ce asara ce. Wanda ya taɓa sauka a tasha da kaya niƙi-niƙi ya san cewa da wannan rabon ake sayen mutunci a gida, shi ne kuma shaidar cewa tafiyar ta yi albarka.

Oumarou Ganda ya nuna inda al'adar take ciwo. Shi kansa ya yi sojan Faransa a yaƙin Indocin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abidjan, inda Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Da ya koma Yamai sai ya shirya nasa, Cabascabo, da harshen Zabarmanci, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 1969. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka yanyame shi, yana ba da labarin fagen fama yana ɓarin kuɗi. Aljihu na bushewa kowa ya watse, ya koma neman aikin lebura a garin da aka tarbe shi da kirari.

A ganina fim ɗin Ganda ya fi na Rouch ɗaci da gaskiya, domin shi daga cikin gida ya kalli lamarin. Dangin da suka sa ɗan ci-rani kewa a can, su ne masu lissafin abin da ya kawo, kuma tsoron wannan lissafin na riƙe da mutane da yawa a Libiya da Saudiyya shekara da shekaru, suna jiran su tara abin da za su shiga gari da shi.