Ɗakunan karatu sun sauya salo: Me ɗan kasuwa zai ɗauko, me zai kai?

Duk wanda ya saba bin hanyar Maiduguri zuwa Gamboru Ngala, ya ratsa Fotokol da Kusseri, ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena, ya san cewa wani lokaci takarda ta fi kaya nauyi. A Nijeriya da Turanci ake rubuta doka, a Chadi kuwa da Faransanci da Larabci. Sau da yawa mukan biya kuɗin da ba mu san dalilinsu ba, don kawai ba mu da inda za mu duba mu tabbatar.

A unguwar Kabalaye da ke gunduma ta uku a birnin, maƙwabciyar Ardep Djoumal inda Jami'ar Njamena ke da reshe, titi ɗaya ɗalibai da 'yan kasuwa ke bi, amma yawancinmu mun ɗauka ɗakin karatu na 'yan boko ne kaɗai. Alhali cibiyar CEFOD, wadda limaman Katolika na ɗarikar Jesuit suka kafa a birnin tun shekarun 1960, ta daɗe tana tattara dokokin ƙasar Chadi wuri ɗaya domin masu nema, kuma ita ke buga mujallar Tchad et Culture. Haka nan dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsu a 1993, suna aiki a Chadi da Kamaru da Nijar, ban da Nijeriya, kuma ana samun su kyauta a intanet. Wanda ya san wannan, ba kowane ɗan kamasho ne zai raina masa hankali ba.

To amma sauyin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ɗakunan karatu suka daina zama wurin karɓa kawai. A 2005 wani ma'aikacin laburare a Amurka, Michael Casey, ya yaɗa ra'ayin cewa tunda intanet ta koma dandalin da kowa ke iya rubutu, wajibi ne ɗakin karatu ya saurari masu amfani da shi, su ma su zuba nasu sanin. A 2016 aka fara gangamin da ke neman kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ko da guda ɗaya a kundin Wikipedia, sannan daga 2020 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Akara, ta ware mako guda domin wannan aiki. Shi kuma sashen Hausa na Wikipedia, 'yan sa kai ne ke cika shi, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk mai wayar salula.

Wani zai ce ai muna da zaurukanmu na WhatsApp, inda muke jin farashin sefa da halin da hanya ke ciki. Gaskiya ne, sai dai idan mai karatu bai manta ba, daga watan Maris na 2018 zuwa Yulin 2019 gwamnatin Chadi ta toshe shafukan sada zumunta, kimanin wata 16 ke nan. Ban da haka, saƙon waya yau ne, gobe babu. Waya ta ɓata, komai ya bi ta. Ɗakin karatu kuwa aikinsa ajiya.

A nan ne muke da abin kaiwa. A gidajen Hausawa da dama akwai littattafan bashi, da wasiƙun fatauci, da takardun gado da kakanni suka rubuta da ajami, gara da damina na cin su sannu a hankali. Jami'ar Boston ta ɗauki hoton dubban shafukan ajami na Afirka ta Yamma, har da na Hausa, ta sa su a intanet. Shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ƙa'idarsa ita ce a ɗauki hoto a bar ainihin takardar a ƙasarta. Ke nan mai takarda ba ya rasa kayansa.

Shawararmu ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa ita ce su tura matasa biyu ko uku masu jin Faransanci zuwa waɗannan cibiyoyi, su nemo dokokin kwastan da na haraji, su fassara su da Hausa a rubuce da kuma da murya, a bar kwafi ɗaya a ɗakin karatu. Su kuma zauna da dattawa su naɗi tarihin zango da hanyoyin fatauci tun suna raye. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an adana ta.