Yadda Ake Jarraba Na'urar Lissafin Ruwan Sama

Kun san ruwa yakan zuba a Damana, Filinge ko ɗigo ba ta samu ba.

To, masana na da manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa. Cikinsu sukan raba duniya gida-gida kamar gurabun dara, su lissafa iska da zafi da ruwan kowane gida. A da, faɗin gida guda yakan wuce kilomita 100, ya haɗe garuruwa da yawa. Yanzu akwai mai kilomita 25.

Yaya za a yarda da lissafin? Sai a tambayi na'ura abin da muka riga muka sani. A ba ta zafin teku na shekarun baya, a ga ko za ta nuna farin 1973 da na 1984. Sannan a gwada amsarta da abin da ma'aunin ruwa ya nuna. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana tara irin wannan awo.

Nan aka kama kuskure: na'urori da yawa suna ba da yayyafi kusan kullum. Alhali ruwanmu hadari ne babba daga gabas, ya zuba, ya ɗauke kwanaki. Mai shuka gero kuwa, waɗannan kwanakin ne ke kashe masa iri.