Muryar Jarka da Gudun Sauti: Gwajin da Ɗalibin Dandin Mahe Zai Iya Yi da Bokiti

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin famfo a Dandin Mahe, garin da ke ƙaramar hukumar Shagari ba nisa da Boɗinga, ya san ba sai an leƙa cikin jarka ba kafin a gane ta kusa cika. Da ruwa ya fara zuba, muryarta kauri gare ta kamar ta babbar ganga. Yana hawa, muryar tana sirancewa, har ta koma tsiwa dab da baki. Ɗan garuwa yakan juya baya yana hira, kunnensa ne ke gadin jarkar.

Abin da yake ji iskar da ta rage a cikin jarkar ce take rawa. Kowane fili na iska da aka killace yana da muryar da yake amsawa: mai tsawo ya amsa da kauri, gajere ya amsa da siriri. Shi ya sa kakakin fada, da tsawonsa, yake ruri, sarewar makiyayi kuma take kuka a sama, kuma da mai busa ya ɗaga yatsa daga wani rami sai muryar ta canja, don ya rage tsawon iskar da ke rawa.

A kan wannan aka gina ɗaya daga cikin tsofaffin gwaje-gwajen fiziks na makarantun sakandare, wanda ke cikin manhajar WAEC: auna gudun sauti da bututu da ruwa. Ana tsoma bututu mai buɗaɗɗen baki biyu a tsaye cikin ruwa, ruwan ya toshe ƙasansa. Sai a bugi wani ƙarfe mai yatsu biyu, wanda wani mabushin ƙaho ɗan Ingila, John Shore, ya ƙirƙira a 1711. A jikinsa akan rubuta sau nawa yake karkarwa a sakan ɗaya, misali 512. A riƙe shi a bakin bututun, ana ɗaga bututun sannu a hankali. Da farko da kyar ake jin amon. Can sai ya tashi kwatsam ya cika ɗaki, kamar an saka masa lasifika. A nan ɗalibi zai tsaya ya auna daga bakin bututu zuwa fuskar ruwa. In ya ci gaba da ɗagawa amon zai mutu, ya sake tashi a wani wuri mai nisa. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu, in aka ninka ta biyu aka buga da 512, ita ce gudun sauti.

Lissafin ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne awon.

Kunne ba ya nuna wuri guda tak da amo ya fi ƙarfi. Ɗalibi ɗaya zai ce nan ne, abokinsa ya ce a ɗan ƙara. Ga fuskar ruwa tana lanƙwasa a jikin bututu, ga ido yana kallon rula daga sama ko daga ƙasa. Kuma da ƙarfe mai 512, kuskuren milimita ɗaya a tazarar nan yana sauya amsa da kusan mita ɗaya a sakan. Maganin irin wannan kuskure maimaitawa ne: a auna sau biyar, a ɗauki matsakaici, a duba yadda alƙaluman suka watsu, sannan a rubuta amsa tare da iyakarta, misali mita 355 a sakan, da ƙari ko ragi na 4. Mai awon gero a kasuwa ya san wannan, don in ya auna buhu ɗaya sau biyu da wuya tozon mudu ya zo daidai.

Akwai kuma kuskuren da maimaitawa ba ta gyarawa, irin na mudun da gindinsa ya lotsa: ko sau ɗari aka auna da shi, tauye awo zai yi ta yi. A wannan gwaji, iskar da ke rawa ba a bakin bututu take tsayawa ba, tana ɗan zarcewa waje da kusan kashi 3 cikin 10 na faɗin bakin. A bututu mai faɗin santimita 4, zarcewar ta kai santimita 1.2. A ce ana gwajin da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40. Amo na farko zai tashi a wajen santimita 16.1, na biyu a 50.8. Wanda ya tsaya a na farko kaɗai zai samu 330, ya yi murna don ya saba ganin wannan adadi a littafi. Alhali ya yi kuskuren kusan kashi 7 cikin 100. Wanda ya ɗebe 16.1 daga 50.8 ya kawar da zarcewar, don tana cikin duka biyun, sai ya samu 355.

Kuma 355 ɗin ce gaskiyar wannan rana. Gudun sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a sakan ga kowane digiri ɗaya na zafi: 331 a sanyin ƙanƙara, 343 a digiri 20, wajen 340 da sassafen hunturu in sanyi ya sauka zuwa 15. Ɗalibin ƙasar Sakkwato da ya goge abin da ya auna ya rubuta na littafi ya jefar da amsa mai kyau ne da hannunsa. Wannan ɗabi'a ta gyara sakamako don ya yi kama da na littafi ita ce babbar ɓarna a ɗakin gwaje-gwaje, kuma malamin da ke ba da maki don an dace da littafi kaɗai shi ke shuka ta.

Manya ma sun sha bamban da awo. Isaac Newton ya lissafa gudun sauti a 1687, amsarsa ta gaza abin da aka auna da kusan kashi 15 cikin 100. Giɓin ya ci gaba da damun masana fiye da shekara ɗari, har Laplace ɗan Faransa ya warware shi a 1816, da ya nuna cewa iska tana ɗumama yayin da sauti ke matse ta.

Yankin nan yana da gado a wannan fanni, domin marigayi Alhaji Shehu Shagari malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa, har ya zama shugaban ƙasa a 1979. Rashin kayan aiki kuma bai isa ya hana wannan gwaji ba. Guntun bututun roba na masu aikin famfo, da durom ko dogon bokiti, da tef ɗin tela, da wayar hannu mai manhajar fitar da amo sun wadatar. Malaman fiziks na Dandin Mahe, Shagari da Boɗinga su gwada shi sau biyu da ɗalibansu, sau ɗaya a Janairu, sau ɗaya a Afrilu, su sa kowane ɗalibi ya rubuta zafin ranar da iyakar kuskurensa kusa da amsarsa.