Daga ƙauyen Kou zuwa N'Djamena: yadda gidajen mishan na Katolika suka kafu a Chadi

A shekarar 2029 mabiya ɗarikar Katolika za su cika shekara 100 da kafa gidan mishan na farko a ƙasar Chadi. An kafa shi ne a Kou, wani ƙauye da ke kusa da Moundou a kudancin ƙasar. Bahaushen da ke zaune a Amriguébé ko wata unguwa ta N'Djamena yana iya ganin tarihin bai shafe shi ba, tunda galibin Hausawa Musulmi ne. Amma makarantu da asibitocin da ake cewa na "Mon Père" ko na "Ma Sœur", waɗanda 'ya'yan Musulmi da na Kirista ke shiga tare, daga irin wannan gida na ƙauye suka samo asali.

Dalilin da ya sa suka makara

Faransawa sun kafa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, tun 1900, kuma 'yan mishan na Furotesta sun riga sun shiga kudancin ƙasar a shekarun 1920. Katolika ne suka zo a baya, kuma siyasar Turai ce ta jawo hakan. A tsarin fadar Paparoma, Chadi tana ƙarƙashin Khartoum ne, inda limaman Italiya ke riƙe da aikin. Faransa kuwa ba ta son Italiyawa su sa ƙafa a yankin da take mulka, balle a zamanin Mussolini da ke riƙe da Libiya a arewa.

Saboda haka limamai biyu na ƙungiyar Spiritains da suka kafa mishan a Kou a 1929 daga Bangui suka taso. Ba su daɗe a can ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi yankin, sai suka kwashe suka koma Doba. An buɗe wani gidan a Kélo a 1935, wani kuma a Fort-Archambault, wato Sarh, a 1939. Sai bayan Italiya ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu hanya ta buɗe. A 1947 aka ba Fort-Lamy gashin kanta a tsarin cocin, aka damƙa ta ga 'yan Jésuites. 'Yan Capucins suka riƙe yankin Moundou, 'yan Oblats kuma yankin Pala.

Abin da ke cikin gidan mishan

Abin da ake kira paroisse da Faransanci shi ne coci guda da limaminta da dukkan ƙauyukan da ke ƙarƙashinta. A ƙauye, ɗakin ibada na farko yakan zama na laka da jinka kamar sauran ɗakunan gari, sai daga baya a sake shi da bulo da kwano. Kusa da shi akwai gidan limami, da ofishin da ake ajiye rajistar baftisma da ta aure. Waɗannan littattafai suna da daraja ga masu binciken tarihi, domin a wurare da dama sun riga takardun haihuwa na gwamnati.

Sauran gine-ginen bukata ce ta kawo su. Limamai kaɗan ne, ƙauyuka kuwa da yawa, don haka dole a samu 'yan gari da suka iya karatu su ja addu'a a inda limami ba ya isa sai jefi-jefi. Su ne ake kira catéchistes, kuma koyar da su ne ya haifar da aji, aji ya zama makaranta. Rashin likita ya kawo ɗakin shan magani, wanda galibi sistoci ke riƙewa, su ma da nasu gidan da ajin ɗinki na 'yan mata. A ƙarshe sai rijiya, wadda kowa a gari ke ɗiba.

Goundi: ƙauyen da ya haifi asibiti

Misali mafi fitowa fili shi ne Goundi, a yankin Mandoul. A can wani limamin Jésuite, Angelo Gherardi, ya kafa asibiti a shekarun 1970, daga baya aka haɗa shi da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyukan kewaye, ta yadda sai ciwo ya fi ƙarfinsu ake tura mara lafiya babban asibitin. Tsarin ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar yabo ta Sasakawa. Gherardi ɗan Italiya ne, ƙasar da a da aka hana 'ya'yanta shigowa.

Daga aikin Goundi ne aka samu asibitin Le Bon Samaritain da ke Walia, a tsallaken kogin Chari, inda ake horar da likitoci da ma'aikatan jinya. Duk mazaunin N'Djamena da ya taɓa haye gada da mara lafiya zuwa Walia ya ci moriyar abin da aka soma a wancan ƙauye.

Babbar majami'ar N'Djamena

A babban birni ma haka abin ya kasance, sai dai da faɗi. Majami'a ta zo da makarantu irin su Lycée Sacré-Cœur, da cibiyar horaswa da ɗakin karatu ta CEFOD, da cibiyar al'adu ta Al-Mouna da ke aikin fahimtar juna tsakanin addinai.

An buɗe babbar majami'ar birnin, kusa da fadar shugaban ƙasa, a 1965, zamanin babban bishop Paul Dalmais. Shekara 15 kacal ta yi a tsaye. A watan Afrilun 1980, lokacin da dakarun Goukouni Weddeye da na Hissène Habré ke gwabzawa a tsakiyar gari, jama'a na tsallaka kogi zuwa Kousseri, wuta ta cinye ta. An sake gina ta a kan tsohon harsashi tsakanin 1983 da 1986, zamanin Charles Vandame, kuma sunan da take amsawa shi ne Notre-Dame de la Paix, wato Maryamu uwar zaman lafiya. Paparoma Jean-Paul II ya ziyarci Chadi a farkon 1990. Daga baya aka yi mata babban gyara da kuɗin gwamnati, aka sake buɗe ta a ƙarshen Afrilun 2023, a ƙarƙashin babban bishop Edmond Djitangar, ɗan ƙasa.

Idan wuta ta tashi

Masu karatu a Nijar sun san abin da ke faruwa idan aka taɓa irin wannan gida. A watan Janairun 2015, a zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. A Damagaram wutar ta haɗa har da makarantar mishan, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan Musulmi ne. Iyayen yaran da suka rasa aji 'yan garin ne, ba su da hannu a zanen da aka yi a Paris.

Hausawan Chadi da na Kamaru da na Afirka ta Tsakiya sun san zaman tsiraru, sun san darajar maƙwabcin da zai tsare maka masallaci da shago ranar da gari ya rikice. Kiristocin arewacin Chadi da na Nijar su ma a wannan matsayi suke. Shi ya sa kowace ranar 28 ga Nuwamba shugabannin Musulmi da na Katolika da na Furotesta ke haɗuwa a N'Djamena su yi wa ƙasa addu'ar zaman lafiya.