Wutar da Ake Cinna wa Chappal Waddi, Har Kogin Binuwai Take Ci

Duk shekara da zarar hunturu ya kama, sai hayaƙi ya turnuƙe tsaunukan Taraba, kuma in ka yi magana a ce maka ai daji ne, babu gidan kowa a can, ciyawa ma sai ta fi kyau in an ƙone ta. Wannan zance ya ishe ni.

Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Dutsen Zuma da ake ta kurantawa ko rabinsa bai kai ba.

Samansa fili ne na ciyawa mai sanyi, amma a cikin kwazazzabai akwai kurmi mai duhu da hazo ke kwana a ciki. Ganyen kurmin nan yana tatsar raɓa daga hazon, saiwoyinsa kuma suna riƙe ruwan damina su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har tsakiyar rani. Daga nan ƙoramu ke gangarowa su haɗu da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Ciyawa takan toho bayan wuta, gaskiya ne. Kurmi fa? Kowace gobara takan ci bakinsa, ya ja da baya, ruwan sama ya kwashe ƙasar da ta tsiraita. Manomin fadama da masunci a can ƙasa su ke biyan kuɗin, alhali ba su taɓa ganin tsaunin ba. Sare itatuwa da haƙar ma'adinai ma suna yin tasu ɓarnar.

Makiyayin da ya ga ba makawa sai ya ƙona, ya nemi izinin ma'aikatan gandun, ya yi da wuri tun ciyawa na da ɗanyenta, da yamma bayan iska ta lafa, ya kuma share hanyar tare wuta tsakaninsa da kurmi. Mai cire zuma kada ya jefar da bakin wutarsa ya wuce. Masu korar ɓera da gafiya da wuta kuwa, don Allah a ji tsoron Allah, naman bai kai abin da ake asara ba. Mai zuwa yawon buɗe ido ya biya ta ofishin gandun a Serti, ya ɗauki ɗan jagora da rigar sanyi, kuma kafin ya bar masauki ya kashe wutar girkinsa da ruwa har tokar ta huce.