Tsadar fetur: Yadda ake farfaɗo da tsohon keke da kuɗi kaɗan

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta zarce 1,000. Wannan ya sa ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka fara waiwayen kekunan iyaye da kakanni da ke jingine a zaure, da kuma kekunan tsere na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Sai dai kuɗin gyaran kan zarce na sayen wani keken, idan mai shi bai san abin da ya kamata ya taɓa da wanda zai bari ba.

Darajar tsohon keke tana jikinsa. Kekunan Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, masu tambarin zalɓe a goshi, da Peugeot na Faransa, da ƙarfe aka ƙera su, kuma ƙarfe yana karɓar walda da miƙewa. Don haka kafin a kashe ko sisi, a duba mahaɗar bututun ko akwai tsagewa, a tsaya daga gefe a ga ko ƙarfe mai rassa biyu da ke riƙe ƙafar gaba ya lanƙwashe baya, alamar an taɓa yin karo da shi. Tsatsar da ke saman fenti ba komai ba ce. Wadda ta huda bututu kuwa ta gama da keken. A kuma gwada zaro sandar sirdi, domin idan ta aluminiyam ce ta shekara cikin ƙarfe babu giris, takan manne har ta gagari bakanike.

Mafi yawan aikin wanki ne. Kananzir da tsohon buroshin goge baki suna cire dattin da ya daskare a sarƙa da giya. Takardar aluminiyam da aka jiƙa da ruwa tana goge tsatsa daga ƙarfe mai ƙyalli ba tare da ta karce shi ba. Daga nan sai a buɗe cibiyar ƙafafun da ta feda, a wanke ƙananan ƙwallayen boris, a sake waɗanda suka ciye, a cika da sabon giris. Fedar hagu a juye ake kwance ta, kuma rashin sanin haka ya sha lalata ƙarfen da ke riƙe da ita.

Inda kuɗi ya wajaba shi ne taya da tub da robar birki da wayarsa, sai sarƙa idan ta saki. Roba tana bushewa ko da ba a hau ba, kuma birkin da ya yi shekara talatin ba abin dogaro ba ne a tsakiyar adaidaita-sahu.

A wajen sayen kayan ne ake yawan tafka asara. Taya mai inci 27 ba ta hawa wilin 700C, domin ɗaya milimita 630 ne, ɗayan 622, na manyan kekuna masu inci 28 kuma 635. A karanta lambar da ke jikin tsohuwar tayar kafin a je kasuwa. Haka kuma tsofaffin Raleigh suna da nasu ma'aunin haƙoran noti, 26 a kowane inci maimakon 24 da aka saba, na Faransa ma nasu daban ne. Saboda haka kada a yar da tsohon noti ko kofin boris har sai an tabbatar da madadinsa. Sabon fenti kuwa ado ne mai tsada da ke shafe tambarin asali, kuma zai iya jira.

Abin da gyara ba zai magance ba shi ne titi. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kamfen ɗin komawa kan keke, aka yi ta masa dariya. Maiduguri ta cika da kekuna bayan haramta babura a 2011. Duk da haka, yawancin titunan biranen Arewa ba su da layin masu keke, har da sababbin gadojin sama da gwamnoni ke alfahari da su. Wanda zai fita bayan magariba yana buƙatar fitilar gaba da jar ta baya a cikin lissafin gyaransa.