Raɗa wa abin da babu shi suna

Marubucin ƙagaggen labari na al'ajabi, mai aljannu da dodanni da garuruwan da babu su a taswira, yakan soma cin karo da matsala tun daga suna. Tolkien, masanin tarihin harsuna a Jami'ar Oxford, ya ƙago harsunansa kafin labarin: Quenya ya ari amon harshen Finland, Sindarin kuwa na Wales. Shi ya sa sunayensa suka zauna daram a The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955.

Marubucin Hausa yana da nasa nauyin. Idan ya raɗa wa wata halitta suna "ƙurunda", nahawu zai tilasta masa zaɓen jinsi, tun da akasarin sunaye masu ƙarewa da -a na mata ne. Jam'inta fa, ƙurundu ko ƙurundoji? Rubutun boko kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka mutumin Maraɗi da na Damagaram kowa zai furta yadda kunnensa ya ba shi.

Dole marubuci ya ajiye kundin kalmominsa a gefe. Muddin ƙurunda ta zama "shi" a babi na tara, mai karatu ya daina gaskata duniyar baki ɗaya.